Gide Ya Raba Littattafai Rabon Nama

Daga bakin titin Sheme har ka gangara dazukan Sabuwa, in aka ce a kawo mutumin da bakinsa ke riga ƙafarsa isa ko'ina, Gide za a kawo, kuma shi zai shiga gaba yana nuna hanya. Ya taɓa yin damina guda a Kaduna yana gadin bulo a wurin wani ɗan kwangila, a shekarun nan da kuɗin fetur ya yi ambaliya har kowane mai babbar riga ya zama ɗan kwangila. Abin da ya dawo da shi biyu ne: baƙin tabarau, da wata magana da ba ta barin bakinsa, "A Kaduna ba haka ake yi ba."

Aikin da ya iya da gaske a Unguwar Ɗorawa shi ne rabon nama. Ko suna ake yi ko watanda, shi ake kira. Ya san cinya ta dattijo ce, haƙarƙari na samari, hanji da ƙashi na yara, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya.

A farkon daminar da aka cika makarantun firamare da yara kyauta, sai ga wani jami'in yaƙi da jahilci, Malam Abdulƙarim, ya tsaya da a-kori-kura a ƙofar mai unguwa Baba Mani, ya sauke akwatuna uku. Ya ce za a buɗe ɗakin karatu guda, ko a nan ko a ƙauyen Damari. Wanda zai riƙe ɗakin za a ba shi babur sabo fil, ya riƙa kai littattafai ƙauyuka har wajen Ƙanƙara.

"Wannan akwatin na manya ne," in ji shi, "wannan na matasa, wannan na yara. Ina son mutum mai natsuwa, ya duba kowane littafi ya san wa ya dace da shi. In na dawo zan ga aikin, zan kuma zo da babur ɗin."

Bai rufe baki ba Gide ya ratso taron.

"Ranka shi daɗe, an gama. Ni in na dubi mutum sau guda na san littafin da zai shiga cikinai. A Kaduna har turawa sun tambaye ni shawara."

"Shawarar mi?" in ji Audi mai injin niƙa, abokin wasansa tun suna yara. "Ta inda ake aje bulo?"

Aka yi dariya, amma da yake babu wanda ya miƙa hannu sai shi, Baba Mani ya ce a ba shi. Gide dai ya iya karatu daidai na mai karanta rubutun bayan mota. Haƙurin shafi biyu ne Allah bai ba shi ba.

Washegari ya tafi tashar Sheme ya ba wani direba rediyonsa, ya karɓo hular kwano ja. Tun daga ranar ba a sake ganin tsakar kansa ba sai wajen alwala. Da ita yake zuwa gona, da ita yake cin tuwo. Matarsa Saudatu ta dube shi ta ce, "Malam, an ga linzami. Dokin fa?"

"Yana tafe. Ki fara koyon zaman baya."

Ya kira Audi zaure ya taya shi buɗe akwatunan. Da suka ɗaga murfin na yara, sai ga littattafai manya-manya masu kauri, bangonsu kamar katako, launi ja da kore har ɗaukar ido. Suka buɗe na manya, sai ga 'yan siraran takardu kamar kunnen akuya. Gide ya cire tabarau, ya sake dubawa, ya mayar.

"Innalillahi! Wanda ya shirya wanga kaya ba a gidan mutunci ya tashi ba. Ka taɓa ganin an ba yaro cinya an miƙa wa dattijo hanji?"

"Kai dai buɗe ka karanta ka ga abin da ke ciki."

"Audi, shekara nawa ina rabon nama a garin nan? Ka taɓa ganin na ɗanɗana kafin in kasa? Hannu ka aunawa."

Ya shimfiɗa tabarma irin ta ranar watanda, ya juye akwatunan nan uku wuri guda, ya gauraya. Ya ɗauki littafi ya jinjina a tafin hannu, ya lumshe ido, ya jefa. Masu nauyi kashin dattijai, matsakaita kashin samari, 'yan siraran kashin yara. Kafin la'asar ya gama aikin da Malam Abdulƙarim ya ce sai an natsu.

Daga nan ya bi gari gida-gida, hula a ka, kaya a kafaɗa. Mafi girman duka, mai hoton tukunya a bango, shi ya kai wa Baba Mani. Shi kuwa Baba Mani dattijo ne mai dogon farin gemu, mutumin kirki, sai dai duk unguwa an san ba ya tashi daga gaban akushi sai ya ga gindinsa.

"Baba, wanga na shugabanni ne. Na duba duk akwatunan ban ga wanda ya kai ka ba sai shi."

Alhaji Sanusi mai kanti ya samu wani mai kauri marar hoto. "Na 'yan kasuwa ne, Alhaji, sirrin arziki na ciki." Audi ma ya samu nasa mai faɗi. Samari da babbansu Inusa suka kwashi matsakaita. Yara kuwa ya tara su gindin ɗorawa ya watsa musu 'yan siraran kamar mai watsa wa kaji tsaba.

Audi ne ya fara dawowa, littafi a hannu, yana huci.

"Gide, mi na yi maka?"

"Mi ya faru?"

Audi ya buɗe ya karanta da ƙarfi. "Ka wanke fuska da safe. Ka gai da manya. Kada ka yi fitsarin kwance." Ya rufe. "Ni da jikoki!"

"To kana yi?"

"Ina yin mi?"

"In ba ka yi, mi ya dame ka? In kuwa kana yi, ga magani ya zo har gida."

Bai gama da Audi ba aka aiko mai unguwa na kira. Ashe Baba Mani, da yake ya yi ajin yaƙi da jahilci kuma yana alfahari da shi, ya tara mutane a zaurensa ya ce su saurari littafin shugabanni. Ya ɗora yatsa ya fara: "Ga bunsuru. Bunsuru mai gemu ne. Bunsuru ya cika haɗama. Ya sa kai a tukunya. Kai ya ƙi fita." Wani ya yi tari, wani ya ce ya bar akuya a sake, kafin a kai shafi na gaba zaure ya watse, ana jin dariya daga bayan danga.

Gide ya iske shi gemu na rawa.

"Habaici ka kawo mani har gida, Gide? Da girmana?"

Wani ne da sai ya durƙusa ya ba da haƙuri. Gide kuwa sai ya matso ya rage murya.

"Baba, ashe ba ka gane ba? Ai da Damari ake. Ba ka san Malam Rabo na Damari ba, wanda ke neman ƙwace mana ɗakin karatu? Gemu gare shi har ƙirji. Masu rubutun nan sun san kowa. Na ba ka ne don kai kaɗai ka isa ka karanta mashi."

Baba Mani ya sake duban hoton bunsurun. Tsakaninsa da Malam Rabo akwai tsohuwar tsama tun wata rigimar iyakar gona. A hankali fuskarsa ta saki.

"Haɗamamme ne kuwa," ya ce. "Wallahi shi ne. Har idon."

Daga ranar kullum da yamma sai an karanta bunsuru a zauren mai unguwa, har ya haddace.

Gide ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, ya tarar da Saudatu tsaye a bakin akurki, hannu a ƙugu, kazarta mai kwanci tana zagaye tana kuka.

"Malam, ina ƙwaina?"

"Ni na kwanta a kansu?"

"Tambayi ɗiyarka."

Laraba, 'yarsu mai aji uku, ta fito baki duk gwaiduwa, ta miƙa 'yar takardar da ubanta ya ba ta. Ta iyaye mata ce, ta koyar da ciyar da yara, ga hoton wani ɓulɓul ɗin yaro da ƙwai a hannu. Ta karanta ba gargada: "A ba yaro ƙwai kullum don ya yi ƙarfi."

Kowa ya san a ƙasar nan ba a ba yaro ƙwai, don tun kakanni an ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. To ga takarda ta ce a ba su, iyaye sun ce a'a, sai yaran suka yanke wa kansu hukunci. Laraba ta karanta wa 'yan ajinsu, su kuma suka bazu. Ba akurkin da ya tsira. Har sheƙar zabi a cikin dawa sai da suka bi, ga shi damina ce zabi na zuba. Duk wanda aka kama sai ya ce, "Gwamnati ta ce."

"Kin gani?" in ji Gide. "Yarinya ta karanta, ta gane, ta aikata. Wanga shi ne ilimi."

"Ta ci ƙwai ta yi sata. Tsofaffi ba su yi ƙarya ba. Kai kuma ka zo ka kwanta wa kazar nan, tunda ka sa kwano a ka."

Ana cikin haka sai aka ji garin ya yi tsit. Ƙarar injin Audi, wadda ke tashi tun hantsi har ta zama kamar numfashin unguwa, ta ɗauke. Injin nan shi ne abin alfaharin Unguwar Ɗorawa. Tun da ya zo mata suka jingine dutsen niƙa a bayan ɗaki.

Abin da ya faru shi ne, a kashin samari akwai littafin kula da injin niƙa, wanda aka yi don masu injin, da zanen kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Inusa da abokansa suka yi gardama ko abin da ke cikin zanen shi ne a cikin injin Audi. Da Audi ya tafi cin kasuwar Faskari, suka ari sifana wurin mai facin keke suka shiga duba gaskiya. Gaskiya kuwa ta fito, ga ta nan shimfiɗe a kan buhu, ƙarfe-ƙarfe.

Audi ya dawo ya tsaya a bakin rumfa, ya ɗora hannu a ka.

"Baba Audi, kada ka damu," in ji Inusa, hannu baƙi ƙirin. "Komi daidai yake da littafin. Sai dai nan ƙarshe an ce yadda ake mayarwa yana littafi na biyu."

Aka nemo Gide. Ina littafi na biyu? Gide ya tuna wani ɗan siriri mai hoton sifana, wanda da ya jinjina ya ji ba nauyi ya jefa kashin yara. Aka bi yara. Yara suka ce wannan ba shi da daɗin karatu, da shi suka hura wutar dafa ƙwai.

"Ku kauce," in ji Gide, yana naɗe hannun riga. "A Kaduna na ga an haɗa injin da ya fi gidan mai unguwa girma."

Ya haɗa. Da ya gama, ƙarafan da suka yi saura sun cika daro. Ya ce waɗannan ado ne kawai na masu ƙira. Ya ja igiya, injin ya yi tari sau biyu, ya yi wata ƙara kamar jaki ya ga kura, ya tofa masa baƙin mai da tsohon gari a fuska, wani ƙarfe ya yi tsalle ya daki hular kwano, ƙwal!

Gide ya share tabarau. "Kun ga amfanin hula?"

Mata suka koma dutsen niƙa da turmi. Duk inda ka bi a unguwa luguden taɓarya kake ji, kuma kowace taɓarya da sunan Gide take sauka. Mutum guda ne bai kawo ƙara ba, Alhaji Sanusi. Shi dai an lura kantinsa ba ya buɗewa da wuri, in ma ya buɗe, sai ka yi sallama uku kafin ya ɗago kai daga littafi, ya miƙo maka gishiri alhali sukari ka ce.

Ranar da Malam Abdulƙarim ya aiko zai zo, Gide ya sa aka share ƙofar mai unguwa, ya jera dattijai a gaba, samari a tsakiya, yara a baya. Ya bi mata gida-gida yana roƙo su yi haƙuri har baƙo ya tafi, ya yi wa kowace alkawarin kai ta unguwa a babur. A-kori-kura ta tsaya, ga babur ɗaure a baya, ja wur, madubansa na walƙiya. Gide ya gyara zaman hularsa. Sai da jami'in ya fito, sannan aka ga wanda ya rage wa hanya: wani tsoho tukuf mai baƙin gemu na rini, Malam Rabo na Damari, ya zo ganin yadda za ta kaya.

Gide ya hango Baba Mani yana gyara zama yana murmushi, ya gane abin da ke tafe. Ya yi masa alama da ido, ya yi da hannu, ya yi tari. Ina!

"Malam Abdulƙarim," in ji Baba Mani, "ni zan fara. Ina da karatu na musamman saboda baƙonmu."

Ya miƙe, ya buɗe littafin, ya juya hoton wajen jama'a, ya kafe Malam Rabo da ido. Ko duba shafin bai yi ba.

"Ga bunsuru! Bunsuru mai gemu ne! Bunsuru ya cika haɗama!"

Malam Abdulƙarim ya buɗe baki. "Baba, wannan ai na 'yan aji ɗaya ne."

"Na Damari ne," in ji Baba Mani. "Ya sa kai a tukunya!"

Malam Rabo ya taso a hankali da sandarsa, ya matso, ya ƙura wa hoton ido, ya shafa gemunsa.

"Malam Mani, karatu ya yi kyau. Sai dai ni nawa gemun baƙi ne, ka gani. Na wanga bawan Allah fari ne tas, mai tsini. Ga tumbi kuma." Ya dubi hoton, ya dubi mai unguwa. "Wa ya zana ka haka, bai rage komi ba?"

Dariyar da mutane suka daɗe suna yi a bayan danga ta fashe a fili. Baba Mani ya juyo da littafin ya dubi bunsurun kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya ɗago ya nemi Gide.

Kafin ya yi magana sai ga Audi ya dire daron ƙarafa a gaban baƙo. Bayansa mata ne, Saudatu a gaba, wasu da taɓarya, wasu da ƙoren ƙwai wayam. Kowa na magana lokaci guda. Yara daga baya suna ihu, "Gwamnati ta ce!"

Da ƙyar Malam Abdulƙarim ya samu aka yi shiru. "Wa ya gauraya akwatunan nan?"

"Ni na gyara su, ranka shi daɗe," in ji Gide, ya fito yana daidaita hula. "An yi maku kuskure a ofis. An ba yara manya, an ba manya ƙanana. Mu nan muna da tarbiyya. Babban kaso na babba ne, ko nama ko littafi ko mi ne ne. Haka muka gada, kuma a kan haka zan mutu."

"Ko guda ka buɗe?"

"Mai rabo ba ya ɗanɗane."

Jami'in ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Malam Rabo kuwa ya gyara tsayuwa a kan sandarsa.

"Yaron nan ya yi gaskiya, a bar zaginai. Babban kaso na babba ne. To Malam Abdulƙarim, cikin kayan da ka kawo yau, wane ne babba?"

Duk taron ya juya ya dubi babur.

"Cikin mu nan kuma wa ya girme ni? Malam Mani, ina goye da kai aka yi yunwar fara."

"Gide," in ji Audi, "kai ne mai rabo. Kasa muna."

Gide ya buɗe baki. Karo na farko tun da aka haife shi, ba abin da ya fito.

Malam Abdulƙarim ya ce ɗakin karatu da babur sun tafi Damari, a tattaro littattafai. Na yara ya ce a kai makaranta a bar musu. Aka tattaro, wasu da gwaiduwa, wasu da baƙin mai. Da aka zo kan Alhaji Sanusi sai ya tura nasa cikin riga ya rungume.

"Alhaji, wannan labarin soyayya ne na matasa," in ji jami'in.

"Na sani. Yaron ya kai kayan toshi, kawun yarinyar ya mayar. Ba inda za shi sai na ga yadda suka ƙare. In tara ce a yanka mani."

Mota ta tashi, Malam Rabo na ɗaga hannu ta taga, babur na walƙiya a baya har ya ɓace a kwanar Sheme. Baba Mani ya yanke hukunci: Gide zai kai ƙarafan injin Funtuwa wurin makaniki, a ka, kuma ba zai sake taɓa naman watanda ba sai injin ya yi ƙara. Saudatu ba ta jira hukuncin kowa ba. Ta miƙa hannu a gaban jama'a ta zare hular daga kansa, ta tafi da ita.

Bayan an kwana biyu wani baƙo daga Sabuwa ya shiga gidan neman ruwa, ya ga kaza kwance lafiya lau a cikin jar hular babur, an shimfiɗa mata ƙaiƙayi, ƙwai a ƙarƙashinta. Ya tsaya yana kallo.

"Malam Gide, wanga kuma wane irin kiwo ne?"

Gide, wanda wuyansa bai gama saki daga ɗaukar daro ba, ya gyara tabarau.

"Ba ka taɓa fita ba, shi ya sa. A Kaduna haka ake yi."